Sunan da Inna ba ta faɗa

Da damina abin ya same ni, ina noma a gonarmu ta Gaffati. Ciwon ƙaba da na daɗe ina ɓoyewa ya murɗe mini mara, na faɗi tsakanin kunyoyin gero ban san inda kaina yake ba. Maza duk suna gonaki masu nisa. Inna, mahaifiyata, ita ta sa aka ɗora ni a amalanke zuwa bakin hanya, ita ta shiga mota da ni har asibitin Damagaram.

A can aka yi mini wata allura da ta kusa kai ni kushewa. Jikina ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Allah ya sa da sauran shan ruwa, na tashi. An gaya wa Inna sunan allurar da Faransanci, ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Bayan an ɗaure dammunan hatsi ciwon ya dawo. Lokotoron, wato likitan, da na gani a wata ƙaramar asibiti ya ce aiki za a yi, kuma ba da jinkiri ba, don hanji na iya shaƙewa.

“Amma ba zan taɓa ka da allura ba, Malam, sai na ga dosiyenka, takardun jinyarka na damina,” in ji shi. “In na maimaita waccan, ba ka tashi.”

Na dafe mara na nufi asibitin Damagaram, biron da ake ajiye takardun marasa lafiya. Ma'aikacin ya karɓi katin dantite ɗina, wato na shaidar ɗan ƙasa, ya bi rijistar damina da yatsa, ya sake bi.

“Baba, ba ka taɓa kwanciya nan ba.”

“Ɗana, a nan na ga lahira da idona.”

“To, da wane suna ka gan ta? Wa ya kawo ka?”

Da na ce mahaifiyata, sai na gane inda matsalar take. Ni ne ɗanta na fari. Tun da aka raɗa mini suna bakinta bai taɓa furta shi ba, sai dai ta kira ni da sunan ranar da aka haife ni. Sunan mijinta kuwa, Allah ya jiƙansa, ko a mafarki. Na gaya masa haka. Ya koma rijistar, can ya tsaya. Ga sunan ranar, a gurbin sunan uba kuma an rubuta Malam.

Ya yi dariya. “Rabin Damagaram 'ya'yan Malam ne, Baba. Mai wannan suna da mai wannan kati mutum biyu ne a wurina. In na ba ka dosiyen wani, aka yi maka aiki da shi, wa ya kashe ka? Ka kawo wadda ta ba da sunan ta shaida.”

Ban ga laifinsa ba. Na aika aka zo da Inna washegari. Kafin ta iso ciwon ya tsananta, har a zaune na yi sallar azahar, zufa na tsiyaya.

Ta shigo da sandarta, ta zauna a bakin benci. Majo, babban ma'aikacin jinya, shi ya zo da kansa.

“Inna, wannan ɗanki ne?”

Ta kau da kai. “Yana dai gidanmu.”

“Ke kika kawo shi da damina?”

“Ni ce.”

“To, mene ne sunansa na yanka?”

Ta ja mayafi ta rufe baki. “Ai yana da baki, ku tambaye shi.”

“Nasa mun ji. Naki muke so.”

Na san abin da ake nema a wurinta. Tsohuwa ce da ta riƙe kunyar nan tun tana yarinya, har furfura ta cika kanta. Na so in ce a ƙyale ta, sai ciwon ya sake murɗawa, na durƙusa riƙe da ƙafar tebur, salati kawai ke fita bakina.

Na ji sandarta ta faɗi. Ba ta dube ni ba. Ta juya fuskarta ga bango, kamar mai gaya wa bangon magana, ta faɗi sunana. Ta haɗa da na mahaifina, a hankali. Ban taɓa jin sunan nan ya yi nauyi haka ba.

Majo ya dubi katin, ya gyaɗa kai. Ma'aikacin ya jawo dosiyen, ya rubuta sunan gaskiya a kai, ya buga hatimi, babu sauran dariya a fuskarsa. Aka kai wa lokotoro ya karanta, ya ja layi ƙarƙashin sunan waccan allurar, ya ce alhamdu lillahi, akwai wata allurar. Aka yi aikin lafiya.

Da na farfaɗo, Inna na zaune gefen gado da kwaryar kunu. Ta tura mini ita, idonta a kan taga.

“Kai wannan,” ta ce, “sha tun bai huce ba.”