Ranar da Baba Ya Auna Layin Dogo a Giza

Baba ya zo Alƙahira ne don a cire masa yanar ido. Ni kuwa ina shekarar ƙarshe a karatu, ina zaune a Giza tare da wasu ɗalibai 'yan gida, don haka ni ne ɗan jagora, ni ne tafinta, ni ne mai ɗaukar jaka. Likita ya sa mana ranar Lahadi da safe. Ran Asabar da la'asar tsoho ya ce ɗaki ya ishe shi, shi ba kaza ba ne da za a rufe a akurki, in kai shi inda zai sha iska.

A bayan unguwarmu akwai wani tsohon layin dogo da aka ɗaga a kan gada, ya bi ta saman rufin shaguna. Jirgi ya daina bin sa tun kafin in zo ƙasar. Mutanen unguwa suka zuba ƙasa a tsakanin katakan, suka dasa na'ana'a da furanni a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, suka jera bencina. Sai ka hau wata doguwar matakalar ƙarfe kafin ka isa, kuma ita kaɗai ce hanyar hawa da sauka. Na ce a raina ga wuri kusa, ga Baba tsohon ma'aikacin reluwe, ai zai ji daɗi. Dabarar tawa ce ni kaɗai, babu wanda zan ɗora wa laifi.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne irin lokacin da muke ciki. A shekarun nan gari a tsorace yake. Yau ka ji an tsinci wani ƙunshi da ake zargin bam ne a gefen layin jirgin metro, gobe ka ji an rufe tasha. Baƙo ya ɗaga waya kusa da gada, sai idanu su yi masa caa. Ga fasfo ɗina yana ofishin sabunta iƙama, wato izinin zama, ba abin da ke aljihuna sai 'yar takardar shaida da ta sha ninki har rubutun ya soma gogewa. Na Baba kuwa, don tsabar wayo, na bar shi a ɗaki kada ya ɓata.

Muka hau, yana dafe da kafaɗata. A sama iska na kaɗawa, mata na zaune a benci suna ɓare 'ya'yan kabewa, wani dattijo mai jallabiya yana ba shukoki ruwa. Baba ko kallon furen bai yi ba. Shekara talatin ya yi yana bin layi da ƙafa tsakanin Zariya da Funtuwa, da guduma a kafaɗa, yana bubbuga ƙarfe yana saurare, in noti ya kwance ya ɗaure. Mai hali ba ya fasa halinsa. Yana taka ƙarfen nan sai ya tsaya cak.

"Kai, nasu ya fi namu faɗi," in ji shi.

Ya gicciya sandarsa tsakanin ƙarafan biyu, ba ta kai ba, ya cike ragowar da ɗani. Sannan ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa wani noti da kan sanda, ya kara kunne. Ya zaro ƙaramin littafi daga aljihu, ya kai shi har bakin hanci, ya soma rubuta lambobi.

Da fari dariya nake yi. Sai na lura hirar matan nan ta ɗauke. Ɗaya ta tattara kayanta ta miƙe. Dattijon ya ajiye tiyon ruwa, ya ja gefe yana magana a waya, idonsa a kan baƙar jakar da ke hannuna. Nan take na ga yadda suke ganinmu: baƙi biyu a kan gada, ɗaya yana awo yana rubutu, ɗaya yana riƙe da jaka.

"Baba, tashi mu tafi."

"Bari in gama. Noti biyu sun kwance a nan."

"Baba, don Allah. Jirgi ba ya bi ta nan."

"To shi ya sa za a bar su a kwance?"

Kafin in ɗaga shi, maza uku sun tsaya a bakin matakala. Sun tare hanyar sauka. Na leƙa ƙasa, motoci na wucewa can nesa. Ba a jima ba ɗan sanda ya hauro yana haki.

Ya nemi fasfo, na miƙa masa 'yar takardata, ya juya ta gaba da baya. Ya zazzage jakar, ya buɗe filas ya sunsuna shayin, ya daddanna kwalaben maganin ido. Sannan ya karɓe littafin. Zanen layi biyu ne da lambobi a gefe, ni kaina da na gani sai da na ga ya yi kama da shirin ɓarna. Na ce masa, "Ya basha, ranka ya daɗe, mahaifina ne, aikin reluwe ya yi a ƙasarmu, gobe za a yi masa aikin ido." Ya ce in ajiye bayanin, zan yi shi a ofishinsu.

Na san abin da hakan ke nufi. Wani ɗan ɗakinmu ya taɓa shiga hannunsu ba takarda, ya yi kwanaki kafin a gano inda yake. Ni zan iya jurewa. Amma tsoho mai ciwon suga, wanda ba ya gani sosai, ba ya jin Larabcin Misira, a raba shi da ni a tura shi wani ɗaki? Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai na ɗan ja baya ta inda nake zaton Baba ba zai gan ni ba. Na ɗora yatsa a gefen kaina na murza. Na ce a hankali, cikin Larabci, tsufa ya taɓa masa kai, gani yake har yanzu yana bakin aiki, duk ƙarfen da ya gani sai ya auna.

Nan da nan fuskoki suka saki. Wata mata ta dafa ƙirji tana yi masa addu'a. Ɗan sandan ya mayar wa Baba littafin, yana yi masa magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya. Dattijon mai ban ruwa ya tsinko na'ana'a ya danƙa masa a tafin hannu, ya shafa masa kai ta saman hula yana cewa, "Ma'alish, ya hajji," wato yi haƙuri, Alhaji. Baba fa, mutumin da a garinmu ake cire takalmi kafin a gaishe shi. Ya tsaya yana kallon ganyen.

"Khalas, yalla," in ji ɗan sandan, wato shi ke nan, mu tafi. "Kai shi gida, kada ka ƙara barin sa ya fito."

A bakin matakala na miƙa wa Baba kafaɗa, ya ture ta da sanda. Ya kama ƙarfen gefe, ya soma laluben taki da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Na koma gabansa ina sauka da baya, hannuwana a buɗe, ina salati a zuci duk sanda takalminsa ya zame. Ban san ko ya ga yatsan ba, ko shafar kan ce ta gaya masa.

Washegari a asibiti, wata nas ta kawo takardar amincewa da aiki, ta ce mara lafiya ya sa hannu. Na fassara masa, na sa masa biro a hannu, na nuna masa wurin. Ya riƙe biron na ɗan lokaci, sannan ya turo mini takardar a kan tebur.

"Gaya mata kai za ka sa," in ji shi. "Kai ne mai hankalin."