Malam Me-kake-nufi

Ɗalibai ne suka raɗa masa Malam Me-kake-nufi, sunan kuwa ya bi shi har ya zama farfesa. Falsafa yake koyarwa, ofishinsa mai taga ɗaya yana can ƙarshen baranda, littattafai sun cinye har kujerar baƙi. Tun yana ƙaramin malami ba ya amsa tambaya sai da tambaya. Ka ce masa adalci ya ƙare a duniya, sai ya zare tabarau ya ce, "Me kake nufi da adalci?" Da wannan ya yaye ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa, ya rubuta littattafai, ya shugabanci sashe. Abin haushin, bawan Allahn nan da halin yake komawa gida. Ko tambayarsa matarsa ta yi ko gishiri ya ji a miya, sai ta sha jarrabawa. Takan yi dariya ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam."

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, likita ya ja shi gefe ya gaya masa ba sauran dabara. Ya koma ɗakin ya tarar 'yarsu tilo tana gyara wa uwar matashi. Matar ta kamo hannunsa ta ce, "Malam, zan warke kuwa?"

Ya zare tabarau. "Me kike nufi da warkewa?"

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta saki hannun, ta juya ta fuskanci bango, ba ta ƙara tambayarsa komai ba har ta rasu. Daga nan 'yar ta ja jikinta. Gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye. Abin ya yi ta cin sa shekara da shekaru. Yana tsaye gaban aji ana rubuta duk abin da ya faɗa, shi kuwa kunyar kansa yake ji, ga tsoron zai mutu 'yarsa ba ta yafe masa ba.

Ranar da ya yi ritaya 'yar ta zo ofis taya shi kwashe kaya. Tana cusa littattafai a kwali, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baba, ranar nan a asibiti, ka san Mama ba za ta tashi ba?"

Hannunsa ya kai ga tabarau. Sai ya janye hannun, bai zare ba.

"Na sani, likita ya gaya mini. Tsoro na ji, shi ne na ɓuya bayan tambaya."

Ta ce, "Ai ita ma ta sani, Baba. Ba labari take nema ba. So take ka zauna kusa da ita."

Wannan karon ya rasa tambaya, hawaye kawai ke bin gemunsa. 'Yar ta dube shi, ta sauke littattafan da ke kan kujerar baƙi, ta jawo ta kusa da shi ta zauna.