Kaleb da Magagarinsa

Ƙanena Kaleb bai taɓa yarda cewa wani abu ya fito daga masana'anta daidai ba, kuma bai taɓa ɓoye wannan hali ba. Shekara talatin yana aikin ƙarfe a reluwe a Kafanchan. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da magagari, ƙarfen nan mai kaushi da ake goge ƙarfe da shi. Murfin tukunyata ma bai tsira ba.

Shi ke busa babban ƙahon badujalar majami'armu, wanda ake runguma kamar buhun citta, mai muryar ƙasa da sauran ƙahoni ke dogara a kai. Guda ɗaya muke da shi. A kansa akwai ɗan kofin ƙarfe da ake ɗora leɓe, shi ake kira bakin ƙaho. Da haƙoran Kaleb biyu na gaba suka zube, iska ta fara tsere masa ta gefe. Kowa ya ce ya je a sa masa haƙori. Shi kuwa sai ya zauna gindin mangwaro ya goge gefe ɗaya na bakin ƙahon, ya faɗaɗa ramin, ya ɗiga dalma inda giɓinsa yake. Bai tambayi dattawan ikilisiya ba. Ƙahon ya yi daɗi, ban musa ba, amma a bakin mutum ɗaya tak a duniya.

Bara ƙirji ya kama shi, likita ya hana shi busa. Saura mako uku zagayen Kirsimeti, kuma badujala ba ta fita gari ba babban ƙaho. Aka kira Gregory, malamin makaranta daga Gidan Waya, mutum mai haƙora cikakku. Ya busa har idonsa ya yi ja, abin da ya fito kamar kukan akuya mai mura. Kaleb ya ce laifin leɓen Gregory ne. Na ce masa wato yanzu sai a cire wa bawan Allah haƙora biyu? Ya kalli haƙoran Gregory, kamar mai duba shawarar.

Zumuntar matan majami'a ce ta aika Jos aka kawo sabon bakin ƙaho. Gregory ya ɗaura, ya busa a tsakar gidanmu, kaji suka watse. Murya ce sosai. Kaleb ya karɓi bakin ya juya shi, ya zura ɗan yatsa ciki, ya ce ramin ya yi ƙunci kaɗan, aikin minti biyar ne.

"Taɓa shi ka gani," na ce.

Ya daɗe yana kallon akwatin kayan aikinsa. Sai ya miƙa wa Gregory bakin, ya juyo gare ni.

"Yaya Hulda, ki ɗauke magagarin nan ki ɓoye sai bayan Kirsimeti. Ko na roƙe ki, kada ki gaya mini inda yake."