Ranar da Aka Kwaye Mai Gidana a Gaban Surukinsa

Abin nan ya faru ne bayan an raba mu da Kano an ba mu tamu jihar, a shekarar da ta biyo bayan sanƙarau ɗin nan da ya kwashe mana yara, tun kafin a ƙaddamar da shari'a. Lokacin ina wani ƙauye gaba da Jahun, kuma in gaya muku, baki dai Allah Ya ba ni. Ban shiga aji ba, amma ba a yin suna ko biki a ce an more in ban zauna na ba da labari ba. Mai gidana kuwa rijiya yake haƙawa, mutum ne da ko ƙanensa bai taɓa ganin gwiwarsa a waje ba in ba a cikin rami ba.

Wata safiya yana alwala ya kife. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya riƙe, sai ido kawai ke magana. Ɗanmu namiji yana can kudu wajen nema, don haka mijin 'yarmu ta fari, direban motar haya, shi ya ɗauke shi kamar jariri ya sa a mota muka nufi asibitin Dutse. Wanda ya san mu ya san mene ne mijin 'yar fari. Shi da mai gidana ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa haɗa ido. Ni kaina ban taɓa haɗa masa magana doguwa ba, daga gaisuwa sai in ja mayafi.

Bayan an yi kwanaki aka tura mu ɗakin gashi, inda ake mimmiƙa gaɓoɓin waɗanda jikinsu ya mutu. Wani yaro mai koyon aikin ya karɓe mu, mai fara'a, wallahi ba mugu ba ne. Ya taɓa tafin ƙafar, babban yatsa ya motsa, ya ce albishirinmu, ƙafar nan da rai, in aka dage Baba zai taka. Sai ya ce a cire wando ya ga yadda ƙugu ke lanƙwasa, ya yafito surukin nan ya ce ya zo ya riƙe cinya, ya koya, don shi zai riƙa yi masa a gida. Mai gidana ya damƙe mazagin wandonsa da hannunsa mai lafiya. Yaron ya yi dariya, wai haba Baba jarumi, tsoron ciwo kuma? Wai ai ɗanka ne, kai ka yi masa tsarki yana tsumma, yau ramawa zai yi. Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Surukin ya sunkuyar da kai ya riƙe cinyar, mai gidana hawaye na gangara masa cikin kunne, yaron kuwa yana cewa ciwon alheri ne, jini ne ke komawa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa. Maganar tana kan harshena, in ce ɗana, wannan fa surukinsa ne. Amma a gaban surukin zan ɗaga murya, ana cikin wannan hali? Kunya ta hana ni, ni mai bakin gari.

Aka sallame mu muka dawo gida. Da ranar komawa asibiti ta zo, mai gidana yana jin ƙarar motar ya juya fuska ga bango ya riƙe ƙafar gado. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira liman, ko gezau. Surukin ma ya daina shigowa, sai ya ajiye magani a zaure ya aiko. Na ce to ni zan riƙa miƙa masa ƙafar, amma ni ba a nuna mini ba. Wanda aka nuna wa ba zai iya taɓa shi ba, ni kuma ba zan iya tsare shi in ce gwada mini yadda ka riƙe cinyar surukinka ba. Na yi ta ja a makance har ƙafar ta ƙanƙame. Bai sake takawa ba. Shekarar da aka yi taron shari'a ya rasu, a kwance.

Jikata da ke rubuta muku wannan ita ma aikin gashi take koyo, kuma ta ce yanzu har ta waya ana koya musu yadda za su yi wa majiyyaci magana su ji abin da yake ji. Madalla. Amma na ce ta gaya wa malamanta su fara da tambaya ɗaya: wannan da ya rako ka, mene ne naka? In mara baki ya riƙe tufarsa, magana ya yi, a saurare shi. Ku kuma masu jinya, in kun ga za a yi ɓarna ku faɗa, ko da ƙasa za ta tsage ku shige.

Yaron nan ban san inda yake ba, kuma na yafe masa. 'Yata ta rasu, liman ya rasu. Cikin waɗanda ke ɗakin ranar, wanda na sani da rai sai ni da surukin. Gemunsa ya yi fari fat. Har yau yana zuwa gaishe ni, ya tsugunna daga bakin ƙofa, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba.