Kaset ɗin da na naɗi biki a kai

Maigidana likita ne, a Jamus ya yi karatu, can ya kwaso son opera, wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa. Lokacin da muke zaune a unguwar Thamesmead, can ƙasar Turawa, yana da wani kaset na bidiyo da yake ji da shi. Tsohon wasan Jamusawa ne da aka sabunta, babu takobi babu alkyabba, sarkin ma kwat ya saka, kuma a tashar jirgin ƙasa aka yi komai. Awa huɗu cur. Ni kuwa tsiya nake masa, in ce matar nan da ke waƙa a ciki ihu take kamar an take mata yatsa. Sai ya ce in zauna ya fassara mini. Kullum ina da tukunya a wuta.

Wata rana aka kawo kaset ɗin bikin ƙanwata daga Kano. A lokacin kaset ɗin gida ba ya kwana biyu a hannu ɗaya, ka kwafa ka miƙa wa na gaba. Na rasa wanda zan kwafa a ciki, sai na ɗauki nasa na naɗi bikin a kai. Na ce zan gaya masa, ban gaya ba.

Bayan shekara guda ya kwanta ciwo. Aka sallamo shi daga asibiti, ba don ya warke ba. Wata safiya ya ce, "Maman yara, sa mini kaset ɗin nan. Yau kam sai kin zauna."

Na saka. Sai kiɗan kalangu ya tashi.

Na ce, "Na yi recording a kai. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon mata suna liƙi. Sannan ya ce, "Yi forward. Bikinku bai kai awa huɗu ba."

Minti goma na ƙarshen wasansa suka rage. Matar na zaune a benci, kan mijinta a cinyarta, tana waƙa. Ya fara fassarawa, numfashi ya gagare shi. Ya ce gobe zai ƙarasa mini. Goben ba ta same shi ba.

Ranar bakwai mata suka cika falo, kowa na cewa in yi haƙuri, kada in ɗaga murya. Da suka watse na saka kaset ɗin, na zauna a ƙasa, na bar matar ta yi ihun. Har yau ban san me take cewa ba, kuma ban yarda wani ya fassara mini ba.