Ƙaiƙayi a Burushin Alhaji

Shekaranjiya wani mai wasa wuƙa ya zauna a ƙofar gidanmu. Ina daga ɗaki ina jin ƙarar ƙarfe a kan dutse, sai na ga kaina a unguwarmu ta Soron Ɗinki, ina 'yar shekara tara, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi.

Kakana na wajen uba wanzami ne, haka ubansa ma. Kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci zai shimfiɗa buzu a zaure, ya buɗe zabira, ya fito da asake ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a dutse tukuna, sannan a kan wata tsohuwar fata da ta yi baƙi don shan hannu. Kayan aikinsa ba su da yawa: ruwa a 'yar ƙwarya, gutsuren sabulun salo, sai tafin hannunsa da yake murza kai da shi har gashi ya yi laushi. Na sha ganin dattijo ya yi barci ana tsakiyar yi masa aski. Ni mace ce, ba wanda zai koya mini sana'ar, amma kakan nan nawa ya fi son zamana kusa da shi. Amaryata yake ce mini, irin wasan kaka da jika.

Akwai wani Alhaji a Mandawari, attajiri mai fataucin fata. Shekara da shekaru kakana ke zuwa zaurensa duk Jumma'a da hantsi, ya aske masa kai, ya gyara masa saje da gemu. Duk jaririn da aka haifa a gidan, kakana ne ya yi masa askin suna.

Wata shekara da damina Alhajin ya dawo daga Ikko da wani ɗan akwati. A ciki akwai reza mai mariƙi, da burushi mai laushi, da sabulun kanti mai ƙanshi wanda ake kaɗawa ya yi kumfa fara tas. Ranar Jumma'a kakana ya je kamar kullum, na bi shi don ina da tallan gyaɗa a layin. Muka tarar zaure cike da mutane, Alhaji riƙe da madubi, fuska duk kumfa.

Da Alhaji ya ce ya gode ya sallami kakana, da ba abin da zan riƙe. Amma sai ya dubi jama'a ya ce, "Ku dai ku ci gaba da miƙa masa wuya. Askar da ta bi kan kuturu da mai makero ita za a ɗora mini? Baba, kwashe tarkacenka, warin sabulunka yana damun baƙina."

Aka yi dariya. Wani ya ture zabirar da ƙafa don ya sami wurin zama, ƙahon da yake jan jini da shi ya gangaro waje. Kakana ya sunkuya, tsoho mai furfura, ya bi kayansa yana tsinta. A hanya ina biye da shi, kunnuwana kamar an zuba musu wuta.

Maganar attajiri tana da ƙafa. Kafin damina ta fita, rabin masu zuwa zaurenmu sun ɗauke ƙafa, wai askarsa tana sa makero. Miyar gidanmu ta tsinke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai daina wasa asaken ba. Zai jera su, ya zauna yana duban ƙofa har azahar.

Da kaka ta yi aka kawo mana 'yan dammunan gero daga ƙauye, mata suka yi sussuka a tsakar gida. Wanda ya taɓa zama kusa da masheƙiya ya san ƙaiƙayi, ƙurar nan mai laushi, wadda in ta shiga wuyan riga sai ka yi wanka. Na tara ta a ganye, na ƙulle a bakin zanena.

Ina shiga cikin gidan Alhaji da talla, ba mai tambayata. Na daɗe da lura cewa a kan 'yar katangar da ke gaban turakarsa ake shanya burushin. Ranar Alhamis da rana, yana kasuwa, matan gidan suna ta zaɓen gyaɗa a farantina, na zagaya kamar zan sha ruwa. Na buɗa gashin burushin na zazzage ƙullin har gindinsa, na hure abin da ya fito sama.

Ban yi sau ɗaya na bari ba. Alhamis uku a jere ina komawa.

Ƙaiƙayi a fata mai lafiya ma azaba ne, balle a fatar da reza ta kankare. Alhaji ya yi ta susa har ƙuraje suka feso, suka yi ruwa, haɓa ta kumbura. Ya canza reza, ya canza sabulu, burushin ne kawai bai zarga ba. Na gan shi ya fito masallaci ya ja rawani har hanci. Ba zan ɓoye muku ba, ranar tuwo biyu na ci.

A mako na huɗu ya aiko a kira kakana, tunda wanzamai su ne masu maganin irin wannan. Kakana ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaya wa Alhaji ƙafata ta tsufa. Zaurena dai a buɗe yake."

Alhaji ya yi kwana biyu yana jan rai, sannan ya zo da ƙafarsa. Ya tarar ana yi wa wani mai ga-ruwa aski, wani makaho kuma yana jira. Kakana bai ɗago ba, ya dai nuna masa tabarma. Attajirin Mandawari ya zauna bayan makaho, masu wucewa suna leƙe. Da layi ya zo kansa, kakana ya wanke masa fuska da sabulun nan mai wari, ya shafa masa man kaɗe da wani garin magani, ya ce kada ƙarfe ya taɓa wurin sai bayan wata guda. Alhaji ya ce, in ya warke, a ci gaba da zuwa ranar Jumma'a kamar da.

"A'a, Alhaji," in ji kakana. "Askata ta bi kan mutane da yawa."

Kakana bai sake taka zauren Alhaji ba har ya rasu. Wasu daga cikin masu zuwa zaurenmu sun dawo, wasu sun riga sun saba da reza.

Da yammar ranar da Alhaji ya zo, kakana ya kira ni, ya kama hannuna ya juya. Tsakanin yatsuna duk sun yi ja don susa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Amaryata, daga yau ki sauya layin talla." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Yanzu jikokina maza shago suke zuwa, a yi musu aski da inji. Masu yi a gida suna da kumfa a gwangwani, wani kuma ya ce kumfar tana sa masa ƙuraje, ya koma shafa man kwakwa kafin ya sa reza, yana ba ni labari kamar shi ya gano dabarar. Wanzami sai ranar suna ake tuna shi, a unguwarmu ma sai an yi cigiya.

Na ba babbar 'yata wannan labari, ta ce in nemi gafara tunda mutumin ya daɗe a ƙasa. Ina nema, don na tsufa, kuma ina tsoron Allah. Amma duk sa'ad da na zo kansa a addu'a, sai in tuna Alhamis ta huɗu da ban samu na koma ba, in ji har yau tana yi mini ciwo.