Motar Labbo Maƙeri

Cikin ranakun da na yi a aikin duba lafiyar motoci, wadda har gobe ban manta da ita ba wata Talata ce a Mafara, a shekarun da ake gina madatsar ruwan Bakolori. Lokacin ina ƙaramin jami'i, ban daɗe da zuwa daga Sakkwato ba, ina ƙarƙashin Malam Haliru, babban jami'in shiyya. Ku da kuka shigo aikin bayan zuwan na'ura, bari in fara gaya muku yadda muke yi.

Kafin a yi wa mota rajista sai mun duba ta mun sa hannu, kuma abin da muke fara nema shi ne lambar shasi. Shasi shi ne dogon ƙarfen da ke ƙasa, wanda injin da bodi ke zaune a kai. Masu ƙera mota sukan buga masa lamba a gefe, ita ce sunan motar na gaskiya. Mukan ɗora takarda a kai mu goga fensir har lambar ta fito, sannan mu sa a fayil. A wurin horo an ce mana in ba ka ga lamba ba kada ka wahalar da kanka da tunani, motar sata ce. A tsare ta, a rubuta wa 'yan sanda.

Ran nan da hantsi Malam Haliru yana rangadi, sai ga wata aba ta shigo harabar ofis tana tafiya a hankali. Ta fi amalanke girma, ba ta kai a-kori-kura ba. Bodinta farantan duro ne da aka buge suka miƙe, an shafe su da koren fenti. Kujerun jar fata ne, ɗinkin dukawa. Sandar giya kuwa ƙotar fartanya ce aka sassaƙe ta yi sumul. Mai ita ya fito, dogon mutum mai tabon wuta a hannuwa. Sunansa Labbo, maƙeri ne daga Maradun. Muka gaisa, ya tambayi gida da aiki da gajiya har sau biyu, sannan ya ce lambar rajista yake so a ba motarsa.

Ya ce shekara biyu yana haɗa ta. Shasin na wata matacciyar mota ce da kamfanin aikin dam ya jefar, mai kula da sito ya ba shi har da takarda. Injin daga wata motar dabam ya fito, shi ma da takardarsa. Lambar injin ta yi daidai. Na shiga ƙarƙashi neman ta shasi, na duba hagu na duba dama. Inda ya kamata in gan ta sai na tarar da sabuwar walda, a kanta an buga zane uku da ɗigo ɗaya.

Na ce, "Malam Labbo, ina lambar da ke nan?"

Ya ce, "Ai na yanke ta, ranka shi daɗe. Shaidar maƙerin Turawa ta. Tunda ni as sake ƙarhen, ba a barin shaidar wani bisa aikinka. In ta karye da mutane, wa za a zagi? Shi da bai san an yi ba? Wagga shaida tau ta gidanmu ta, tun kakana."

Na ɗauka raina mini hankali yake yi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga sabon kaki, ga littafin doka a aljihu. Na karɓi makulli, na ɗauki alli na rubuta AN TSARE a gilashin gaba da manyan baƙaƙe. Ofishinmu a bakin hanyar kasuwa yake, ranar kuma kasuwa ke ci. Mutanen Maradun da na Faru da na Tsibiri duk ta nan suke wucewa, kuma babu wanda bai san motar Labbo ba. Bai yi mini gardama ba. Ya tsaya ya dubi rubutun, ko da yake ba ya karatun boko, sannan ya bi motar haya ya koma gida.

Ran Jumma'a Malam Haliru ya dawo, na miƙa masa wasiƙar 'yan sanda ya sa hannu. Ya karanta, ya fita ya zagaya motar, ya daɗe a tsugune. Da ya dawo sai ya ce, "Ka tambaye shi ina guntun da ya yanke?" Na ce a'a. Ya ce, "Ka taɓa ganin maƙerin da ya zubar da ƙarfe? Ɗauki babur ka tafi Maradun." Wasiƙar kuma ya jefa ta cikin durowa.

Na sami Labbo a maƙera, wuta a mace. Ashe labari ya riga ni isa, wai hukuma ta kama shi da motar sata. Manoma biyu sun zo sun kwashe ƙarfen da suka kawo a yi musu garma, ga damina ta kama. A nan na gane ba motar kaɗai na tsare ba. Na tambaye shi guntun, ya ce ya yi wa wani manomi, Malam Abdu, faci da shi a garmar shanu. Sai dai ƙauyensu na cikin waɗanda ruwan dam zai ci, ya riga ya tashi ya koma wajen danginsa a ƙasar Bakura.

Na goya shi a babur. Sai bayan azahar muka sami Malam Abdu a gonar aro, yana huɗa da shanu biyu. Aka yi gaisuwa, aka jajanta masa tashi, aka tambayi ruwa, sannan Labbo ya roƙe shi ya kifar da garmar. Malam Abdu ya dube ni da kakina ya ce, "Halan garma ma lasin za a yi mata yanzu?" Na durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na kankare laka da makullin babur, na ɗora takarda na goga fensir. Lambar ta fito tsaf, ko baƙi ɗaya bai saɓa da takardar mai sito ba. Kunya ta kama ni sosai.

Sauran aikin na takarda ne. Malam Haliru ya rubuta Sakkwato, amsa ta zo cewa a mayar da guntun inda yake a gaban jami'i. Labbo ya yi wa Malam Abdu wani facin, ya karɓo nasa, aka yi waldar ina tsaye. Ya nemi a bar zanensa uku da ɗigo a kusa da lambar, Malam Haliru ya ce babu dokar da ta hana. Muka gwada motar. Birkin hannu bai kama ba, madubi kuma ɗaya ne, na sa shi ya gyara su a nan harabar ofis. A gurbin irin mota a fom muka rubuta haɗin gida.

Wata ranar Litinin lambar rajista ta fito, na miƙa masa makulli na ce ya yi haƙuri. Bai karɓa ba.

Ya ce, "Bar shi wurinka sai gobe. Ran Talata kar rubuta mani abin ga, gaban jama'a. Gobe Talata. Ina son ka shigo gaba, da kayan ga naka, mu ratsa kasuwa."

Na dubi Malam Haliru, ya ce wannan ma yana cikin aiki.

Washegari na goge gilashin da hannuna, na zauna a kujerar jar fata da hulata ta aiki. Labbo ya sa giya ɗaya, bai ƙara ba. Muka bi ta 'yan hatsi, muka bi ta 'yan albasa, muka tsaya a rumfar maƙera ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina zaune zufa na keto mini. Sau uku muka zagaya. Bai ce wa kowa komai game da ni ba, kuma ba a tambaye shi ba.

Na yi shekara talatin a aikin nan, na kama motocin sata da dama, yawancinsu da lamba ras a jiki, don ɓarawo ya san abin da muke nema. Abin da nake gaya wa duk wanda aka turo ƙarƙashina shi ne, rashin lamba yana nuna maka babu lamba ne kawai, sauran sai ka tambaya. Kuma kafin ka ɗauki alli ka duba wace rana ce, ka duba su wa ke wucewa. Rubutun nan minti ɗaya bai ɗauke ni ba, amma sai da na zagaya kasuwar Mafara sau uku kafin ya gogu.